Ruwan da Ya Ɓuya

Kwana uku Kogin Turare ya yi baƙunci a ɗakunanmu.
Da zai tafi bai yi sallama ba,
laka kawai ya bar wa birnin Hue tukwici,
a kan gado, a cikin tukunya,
a maƙogwaron kowane babur.

Tun asuba layi ya kai kwanar titi.
Gwaggo Lieu ke wanki, ni ke busarwa.
Ita da soso da kumfa, ni da mesar iska,
inji na tari a lungu,
ya cika ciki, ya yi shiru, ya sake tashi.

Ranar da na fara aikin ta ja mini kunne:
"Ruwan da ke kan tanki ɗan wasa ne,
tsumma ma ya ishe shi.
Nemi wanda ya ɓuya.
Ramin filogi, bakin makulli, gindin noti,
inda waya ta haɗu da waya.
Can yake kwanciya ya haifi tsatsa,
sai ranar da mutum ke sauri
babur ya ce ba shi zuwa."

Don haka daga sama nake farawa.
In kora ɗigo daga madubi zuwa fitila,
daga fitila zuwa ƙasa,
suna gudu a kan fenti kamar 'yan tsaki sun ga shaho.
In durƙusa wa sarƙa, in bi ta ƙulli ƙulli.
Kunnena na ƙara har cikin barci.

Da hantsi tsoho Thuoc ya iso, yana turo nasa.
Ja ne a da. Yanzu launin shayi da madara.
Shekara ashirin da shida yana ɗauko matarsa Sen
da tukunyar romo tsakanin ƙafafunta
zuwa kasuwar Dong Ba kafin gari ya waye.
Bara ta rasu. Kowa a layin ya sani,
ba wanda ya ɗago zancen.

Gwaggo ta wanke, jan ya dawo kaɗan.
Na karɓa. Na yi madubi, na yi birki,
na hura ramin filogi har ya tofar da abin da ya haɗiya.
Sai na ɗaga kujera,
na sa bakin mesa a saƙon da ke bayan batir.

Wani abu ya yi tsalle.
Ya daki bango, ya zame a kan siminti,
kumfa ta ja shi wajen magudana.
Tsohon da bai iya miƙe baya ba
ya riga ni, gwiwa biyu a ruwan sabulu.

Mataji ne. Ɗan kore, haƙora uku sun karye,
da silin gashi fari, dogo, ya nannaɗe.

"Kashe iskar," in ji shi.
Na kashe.
A karo na farko tun asuba na ji ƙarar titi,
da ɗigon da ke sauka daga rufin kwano.

Ya goge shi a ƙirjin rigarsa,
ya mayar da shi saƙon nan, jiƙe yadda yake,
ya rufe kujera da hannunsa.
"Nan wurin bar shi. Zai bushe da kansa."

Na dubi Gwaggo, mai dokar ruwan ɓoye.
Tana matse soson da ya riga ya bushe,
ba ta ɗago kai ba.

Bugu na huɗu babur ya amsa,
ya yi atishawar farin hayaƙi.
Tsoho ya miƙo kuɗi, ta ce canji ya ƙare, sai wani jiƙon.
Ya hau, ya matsa can gaba a kan kujera
kamar mai barin wuri.

Na gaba ya turo nasa.
Na kunna iska.